Tsakuwar Kunnen Kifi da Labarin da Take Bayarwa



Zan fara da tambaya. Idan masunci ya jefa birginsa a Yawuri, ko Lakwaja, ko Baga, ya fid da kifi mai kilo biyar, a ina aka ƙyanƙyashe kifin nan? A wane ruwa ya yi ƙuruciyarsa? Wace hanya ya biyo har ya iso inda ajalinsa ya same shi? Mai saye a kasuwa ba ruwansa da wannan, shi dai a ba shi mai kyau da araha. Amma fa amsar tambayar nan ita ke nuna ko baɗi za a sami kifi a wurin ko ba za a samu ba. Domin in wurin da kifi ke zuba ƙwai ya lalace, ko kuwa aka toshe hanyar da 'ya'yansa ke bi, to, masuncin da ke nesa da wurin da tafiyar kwana goma shi ma zai ji a jikinsa, alhali kuwa bai san dalili ba.

Masuntanmu sun daɗe da sanin cewa kifi matafiyi ne. Da ruwa ya fara hauhawa da damina, sai kifaye su bar tsakiyar kogi su shiga fadamu su zuba ƙwai cikin ciyawa. Da ruwa ya fara janyewa kuma, sai 'ya'yan su biyo shi su komo kogi. Wannan sani gadon iyaye da kakanni ne, ba abin rainawa ba ne. Sai dai idon mutum iyakarsa saman ruwa. Su ma masana ilmin kifi sun daɗe suna ɗaura wa kifi lamba su sake shi, su jira ranar da wani zai kama ya kawo musu labari. Dabarar nan tana da amfani, amma wuri biyu kaɗai take nunawa, watau inda aka saki kifin da inda aka kama shi. Balle ɗan kifin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ina za a ɗaura masa lamba?

Ashe kuwa kowane kifi yana yawo da tasa takardar shaida a cikin kansa tun yana cikin ƙwai. Ita ce tsakuwar kunne, kuma a kanta zan yi magana yau.

MECE CE TSAKUWAR KUNNE?

Kifi ba shi da kunne a waje irin namu, amma yana da kunne na ciki, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwarsa, dama da hagu. A kowane gefe akwai 'yan tsakuwoyi guda uku farare, watau shida ke nan gaba ɗaya. Da su kifi yake jin motsi da ƙara, da su kuma yake daidaita jikinsa don kada ya kife. Mu ma 'yan Adam muna da 'yan ƙwayoyi irinsu a can cikin kunnuwanmu, waɗanda in sun goce daga mazauninsu sai mutum ya riƙa jin jiri. Wanda ya taɓa cin kan kifin teku da ake kira kuroka a kasuwannin Ikko, ba mamaki ya ci karo da tsakuwar nan, domin tasa babba ce ƙwarai. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da ƙurungu, duk suna da tasu, ko da yake girmanta da siffarta sun bambanta daga wannan iri zuwa wancan.

Tsakuwar nan ba ƙashi ba ce. An gina ta ne da irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai, wanda tushensa shi ne kalsiyam. Tana da halaye biyu waɗanda suka sa masana suka damu da ita. Na farko, tana girma muddin kifi yana raye, ana ƙara mata sabon shafi a kan tsohon, kamar yadda albasa take da ɓawo bisa ɓawo. Na biyu, abin da aka riga aka shafa ba ya gogewa. Ƙashin kifi da ɓawon jikinsa, jiki yana iya zuƙe wani abu daga cikinsu in yunwa ta yi tsanani, amma tsakuwar kunne tana nan yadda take.

A shekara ta 1899 wani masani Bajamushe mai suna Reibisch ya nuna cewa ana iya sanin shekarun kifi ta ƙidaya zoben da ke cikin tsakuwar, kamar yadda ake ƙidaya zoben da ke jikin kututturen itace. A 1971 kuma wani masanin mai suna Pannella ya gano cewa a tsakanin manyan zobba akwai waɗansu sirara ƙwarai, kowace rana guda ɗaya. Saboda haka in aka kama ɗan kifi yau, aka ƙidaya siraran zobban nan da madubin ƙara girma, ana iya faɗin lokacin da aka ƙyanƙyashe shi kusan daidai da ranar.

YADDA RUWA KE BARIN ALAMARSA

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowane ruwa yana ɗauke da ɗanɗanon ƙasar da ya ratso. Matan da ke girki sun san ruwan wata rijiya yana da zartsi, na wata kuwa garɗi gare shi. Dalili shi ne ruwa yana narkar da ɗan abin da ke cikin duwatsu da ƙasar da ya bi ta kansu. Kifi kuwa dare da rana ruwan nan yake shaƙa, sinadaran da ke ciki su shiga jininsa, daga jini kuma kaɗan daga cikinsu su shiga shafin da ake ƙara wa tsakuwar a wannan rana. Da haka kowane shafi yake ɗauke da hatimin ruwan da kifin yake ciki a ranar da aka yi shi.

Akwai sinadarai uku da aka fi dubawa. Na ɗaya shi ne sitirontiyam, ɗan'uwan kalsiyam ne, shi ya sa yake shiga gurbinsa cikin sauƙi. A cikin lita ɗaya ta ruwan teku akwai wajen miligiram 8 na sitirontiyam, abin da ya ninka na yawancin koguna nesa ba kusa ba. In aka ga ya yi yawa a wani sashe na tsakuwar, alama ce kifin yana cikin ruwan gishiri a lokacin. Na biyu shi ne bariyam, wanda shi kuma ya fi yawa a ruwan kogi da bakin kogi, ya yi ƙaranci a tsakiyar teku. Na uku shi ne oksijin, wanda ke ba da labarin zafin ruwa ko sanyinsa da kuma asalinsa.

To, yaya za a bambanta kogi da kogi, tun da dukansu ruwan daɗi ne? A nan ma sitirontiyam ne ke taimakawa. Yana da nau'o'i masu bambancin nauyi, biyu daga cikinsu masana suna kiransu 87 da 86. Tsofaffin duwatsu masu tauri, irin na ƙaton dutse da fā, sukan ba da ruwa mai rinjayen nau'in 87 fiye da abin da dutsen farar ƙasa ko sabon dutsen aman wuta ke bayarwa. Abin sha'awa shi ne jikin kifi ba ya sāke wannan ma'auni. Yadda yake cikin ruwa, haka yake shiga tsakuwar, ko da zafi ko da sanyi, ko kifin yana ƙoshe ko yana jin yunwa.

Ga yadda ake aikin. Akan fasa kan kifi a ciro tsakuwar, a wanke ta, a yanka ta ta tsakiya, a goge har cibiyarta ta bayyana. Sa'an nan a sa ta cikin na'ura mai harba wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Hasken zai bi layi daga cibiya zuwa baki yana ƙona ɗan abu kaɗan, wata na'ura kuma tana auna abin da ke cikin hayaƙin. Cibiya ita ce ƙuruciyar kifin, baki kuwa shi ne ruwan da aka kama shi a ciki. Abin da ke tsakani shi ne tarihin tafiyarsa duka.

ABIN DA AKA GANO A WAƊANSU ƘASASHE

Gani ya kori ji, saboda haka bari in kawo misalai.

Na farko daga Kudancin Amurka yake. A Kogin Amazon akwai wani babban kifi mai gashin baki, dangin ragon ruwa, wanda mutanen Barazil ke kira dorada, yakan kusa kai tsawon mutum. Masuntan Bolibiya da ke gindin duwatsun Andis suna kama manyansa, masuntan Barazil da ke bakin teku kuwa ƙananansa suke samu. Masana sun daɗe suna zaton kifi ɗaya ne ke kai da kawowa, amma ba hujja a hannu. A 2016 aka bayyana sakamakon binciken tsakuwar kunnen kifayen da aka kama a saman Kogin Madera, wanda reshe ne na Amazon. Ruwan Madera yana da rinjayen nau'in 87 fiye da uwar kogin. Sai aka ga cibiyar tsakuwar tana ɗauke da hatimin Madera, tsakiyarta tana ɗauke da na ƙasan Amazon, bakinta kuma ya komo na Madera. Watau an ƙyanƙyashe kifin a gindin duwatsu, ruwa ya tafi da shi gangare yana jariri, ya girma can, sa'an nan ya hauro ya komo mahaifarsa domin ya yi ƙwai. A 2017 waɗansu masanan suka ƙiyasta cewa tafiyar irin wannan kifi, zuwa da dawowa, tana iya kai kilomita 11,600. Ku tuna fa Kogin Kwara, tun daga mafarinsa a ƙasar Gini har ya faɗa teku, bai wuce kilomita 4,200 ba.

Labarin bai ƙare nan ba. Tsakanin 2011 da 2013 aka datse Kogin Madera da manyan madatsu biyu na lantarki kusa da birnin Porto Velho. An gina wa kifi hanyar wucewa. Amma da aka sake duba tsakuwar kifayen da aka kama a saman madatsun bayan 'yan shekaru, sai aka tarar yawancinsu ba su taɓa gangarawa ba, masu dawowa daga ƙasa kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Da ba don tsakuwar ba, da sai a ce ai ga kifi nan ana kamawa, lafiya lau ke nan. A 2024, a taron da aka yi a Samarkand, aka sa kifin nan cikin jerin dabbobi masu ƙaura waɗanda ƙasashe suka yi alkawarin haɗa kai su kiyaye.

Misali na biyu daga Alaska ne, a arewacin Amurka. Kogin Nushagak yana da rassa da yawa, kifin da ake kira salmon kuma yana ƙyanƙyashewa a cikinsu, ya tafi teku, ya komo. Masana suka fara auna ruwan rassan ɗaya bayan ɗaya, suka zana taswirar sitirontiyam ta kogin duka. Sa'an nan suka riƙa duba tsakuwar kifayen da masunta ke kamawa a bakin teku, suna gane reshen da kowane ya fito. Abin da suka bayyana a 2019 shi ne, reshen da ya fi ba da kifi bana ba lalle ne shi zai fi bayarwa baɗi ba. In wannan ya gaza, wancan ya rufa asiri. Darasin a fili yake: ba a zaɓar reshe ɗaya a kiyaye shi a bar sauran su lalace.

Misali na uku na teku ne. Babban kifin nan da ake kira tuna, mai tsada ƙwarai a kasuwannin duniya, yana zuba ƙwai a Bahar Rum da kuma tekun da ke gabashin Mekziko. An daɗe ana lissafinsa kashi biyu, na gabas da na yamma, kowane da adadin da aka yarda a kama. A 2008 binciken oksijin da ke cikin tsakuwar ya nuna cewa da yawa daga cikin ƙananan da ke kiwo a gaɓar Amurka 'yan asalin Bahar Rum ne, amma in lokacin ƙwai ya yi kusan kowa gidansu yake komawa. Ashe abin da masuntan Turai suka yi yana shafar na Amurka, haka kuma na Amurka yana shafar na Turai.

A nan Afirka ta Yamma ma an gwada. A ƙasar Sanagal akwai Kogin Salum, wanda fari ya sa ruwansa na can ciki ya fi na teku gishiri. A 2006 aka bayyana binciken da aka yi a kan wata karfasa mai baƙin haɓa da ke zaune a wurin, domin a ga yadda sitirontiyam ɗin tsakuwarta ke bin yawan gishirin ruwa. Irin karfasar nan kuwa akwai ta a ruwayen Ikko.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Ruwanmu ne ƙwarai. Ƙasarmu tana da duwatsu iri iri. Kogin Kaduna da Kogin Gongola daga tsaunukan Jos suka taso, inda duwatsu masu tauri suke. A Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka, da Gboko kuwa dutsen farar ƙasa ne, shi ya sa aka kafa masana'antun siminti a wuraren. A kudu ga ruwan da ya gauraya da na teku. Irin wannan bambanci shi ne jarin mai karanta tsakuwar kunne.

Tambayoyin da ke jiran amsa kuwa suna da yawa. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Tiga a 1974, ta Lagdo da ke kan Binuwai a Kamaru a 1982, ta Shiroro a 1990, ta Challawa a 1992. Madatsun nan sun ba mu lantarki da noman rani, tafkunansu kuma suna ba da kifi. Amma sun sāke yadda ruwa ke malala cikin fadamu, kamar yadda mutanen Haɗeja da Nguru suka shaida. Kifin da ake kamawa a tafkin madatsa, a cikin tafkin yake ƙyanƙyashewa, ko kuwa daga rafukan da ke zuba cikinsa yake zuwa? Wace fadama ce ke ciyar da kogi da 'ya'yan kifi? A wane wata ya kamata a saki ruwa daga madatsa domin ya dace da lokacin ƙwai? Giwan ruwan da ake fitarwa a Matan Fada ranar bikin Argungu, ina ta yi shekarunta?

Tafkin Chadi ya riga ya koya mana darasi. Fāɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Kafin farin, akwai wani kifi dangin kawara, wanda mutanen Chadi ke kira salanga, da ke barin tafkin ya haura kogunan Shari da Lagone ya yi ƙwai. 'Ya'yansa su girma a fadamun arewacin Kamaru, sa'an nan waɗansu su komo tafkin ta Kogin Ebeji, wanda ya bi ta Gamboru. Da ambaliyar ta gaza, sai kamun kifin nan ya durƙushe. Kifi ɗaya ke nan, rayuwarsa ta ratsa ƙasa uku. Masana sun yi shekaru suna kafa taru kafin su gane hanyarsa. Da tsakuwar kunne, kifi ɗaya ma yana iya faɗin inda ya bi.

Lalle ne in faɗi iyakar dabarar, don kada a ɗauke ta duba. Sai kifi ya mutu ake karanta tsakuwarsa. In ruwa biyu suka yi kama da juna a sinadari, ba ta iya raba su. Ba ta aiki sai an fara auna ruwan koguna, damina da rani, an san hatimin kowane. Na'urorin kuma suna da tsada, suna bukatar ƙwararru. Amma muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, da ta binciken teku a Ikko, da jami'o'i masu yawa. Tsakuwar kuwa ba ta ruɓa, ana iya ajiye ta cikin ambulan shekara da shekaru har ranar da za a duba ta.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Da fari, ya ku masunta, idan ma'aikatan bincike suka zo bakin ruwa suna neman kawunan kifi, ku taimake su, ku gaya musu gaskiyar wurin da aka kama shi da ranar. In aka faɗi wurin da ba shi ba, aikin duka ya ɓaci. Ku kuma gaya musu abin da kuka gada na sanin ruwa, domin shi zai nuna musu inda za su fara dubawa.

Na biyu, kada a datse bakin fadama da dumba daga wannan gaɓa zuwa waccan a lokacin da kifi ke shiga ko 'ya'yansa ke fita. A bar masa hanya. A guji taru mai ƙananan idanu, domin ɗan kifin da aka kashe yau shi ne babban da za a rasa baɗi.

Na uku, dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya. Wanda ya zuba maganin ƙwari a rafi, bai cuci mutanen garinsu kaɗai ba, ya cuci waɗanda bai taɓa gani ba a can gangare.

Na huɗu, ya ku sarakunan ruwa, al'adar nan ta hana su a wani wuri har wani lokaci, kamar yadda ake yi a Argungu, ku riƙe ta da kyau. Ku kuma riƙa shawara da takwarorinku na sama da na ƙasan kogi, tun da kifinku ɗaya ne.

Na biyar, masu gina madatsu da masu noman rani su tuna fadamar da suke gani kamar banza da rani, wataƙila ita ce ɗakin haihuwar kifin jiha guda. A bincika tukuna kafin a tare ruwa, domin rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan makaranta, musamman 'ya'yan masunta, su nemi ilmin kimiyya. Wanda ya tashi a bakin ruwa, ya san sunan kowane kifi da lokacin zuwansa, in ya haɗa da ilmin na'ura, ba wanda zai fi shi iya wannan aiki.

'Yan'uwa, in kun koma gida aka dafa kifi, ku fasa kan a hankali, ku nemi 'yar farar tsakuwar nan, ku nuna wa yaranku, ku gaya musu abin da ke rubuce a cikinta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika mana kogunanmu.